Tutar Da Na Ƙi Ɗagawa

Gara in faɗa da bakina kafin 'yan shagon aski su faɗa muku da ƙari: ni, da furfurata da gwiwoyina masu ƙara in zan tashi, na ɗaura yaƙi da wani wasan ƙwallo na mutanen Ostareliya, wasan da bai ma san ina duniya ba. Na yi ƙulle-ƙulle, na ɓoye kayan mutane, na ba da cin hancin alawa. Duk wannan a kan yarinyar da haƙoranta na gaba suka zube ba su gama fitowa ba.

Karatuna bai wuce aji uku na firamare ba, a wani ƙauye kusa da Zariya, kuma ko wannan ajin ukun rabinsa a bayan makaranta na yi shi ina bin ƙwallon tsumma. Daga nan tasha, daga tasha tuƙi, tuƙi ne ya kawo ni New York, inda na tsufa ina jan motar kai marasa lafiya asibiti. In aka miƙo mini takarda sai in ce na manta tabarau. Amma in ƙwallo ake magana, ba na neman tabarau. A shagon askin da muke taruwa a Mount Hope, in aka yi gardama kan ofsaid ne ko ba ofsaid ba, ni ake juyowa a kalla. Mai shagon ɗan Nijar ne, shi ya laƙaba mini Alƙali, sunan ya bi ni har coci.

'Yata ta fari nas ce. Ba na kama sunanta, kun san 'yar fari. A asibitin da take aiki ta haɗu da wani dogon Bature ɗan Ostareliya mai gyaran gaɓoɓi, suka daidaita, aka ɗaura aure, suka kama gida a Parkchester. Ba ni da abin faɗa a kansa, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Yana durƙusawa ya gaishe ni duk da tsawonsa, yana cin tuwo da hannu, shi ya duba mini gwiwa. Da suka haihu mace aka samu, suka sa mata sunan mahaifiyata. Don haka ita ma ba na kama sunanta. Uwata nake ce mata.

To ni me zan bar wa Uwata? Gona ba ni da ita, 'yan uwa sun raba tun ina nan ina bin titunan Bronx. Gidan da nake ciki na haya ne. Hausa tana ji sarai, amma in na yi mata magana, da Turanci take mayar mini, kamar mai ba ni canji da kuɗin wata ƙasa. Abu ɗaya nake da shi wanda babu wanda ya fi ni a cikin danginta na nan da na can, shi ne ƙwallo. Don haka tun tana tafiya tana faɗuwa na karɓi safiyar Asabar. Uwarta ta kawo mini ita, mu tafi shagon aski, in ɗora ta kan kujerar da ba kowa, in sa mata jar riga irin ta ƙungiyata ta Ingila wadda ta sauko mata har gwiwa. Kafin ta iya ƙirga yatsunta ta iya ɗaga hannu ta ce ofsaid. In ɗan wasa ya samu raga a buɗe ya harba sama, na koya mata ta tsuke baki ta ce, “A banza.” Wannan da Hausa take faɗarsa, tsaf, har da tsaki. Duk shagon sai a kwashe da dariya, ni kuwa in ji kamar an biya mini kuɗin haya.

Ana nan sai ga ƙunshi daga Ostareliya. Ɗaya kakan nata ne ya aiko, uban mijin 'yata. Wani ɗan gyale ne na ulu mai ratsi-ratsi, da riga marar hannu, da wata aba mai kama da gwandar da aka zauna a kanta. Wai ƙwallo ce. 'Yata ta yi mini bayani cewa a can ba a zaɓar ƙungiya, haifar mutum ake yi a cikinta. Kakan kakanta wannan ratsin ya bi, ubanta ma shi, ita ma an riga an rubuta ta tun tana ciki. Na ce to ni da na yi shekaru ina dakon ta zuwa shago, a wane layi aka rubuta ni? Ta ce, “Baba, gyale ne fa kawai.” Na san ba gyale ne kawai ba, domin ni ma jar rigar da na saya ba riga ce kawai ba.

Ranar da na fara ganin wasan a talabijin ɗinsu, na ɗauka faɗa ne ya ɓarke aka rasa mai rabawa. Fili ba kusurwa, zagayayye kamar faifai. Mutane sun fi na kasuwa, kowa da singileti da guntun wando. Wannan ya kama ƙwallo da hannu, ya naushe ta, wancan ya ruga da ita yana buga ta da ƙasa, wani ya taka gadon bayan ɗan uwansa ya hau sama ya cafe, maimakon a kore shi sai aka yi ta tafi ana sake nuna shi. Na yi ta jiran usur na ofsaid. Surukina ya ce babu ofsaid a wasan. Kamar a ce wa limamin coci babu zunubi. Duk ilimin da na tara a duniya, wasan nan ya share shi da kalma ɗaya. Ba gola, ba raga. In ƙwallo ta fita, alƙali ya juya wa mutane baya ya wurga ta ta saman kansa, kamar mai zubar da abin da aka ce kada ya waiwaya.

Duk wannan da na haƙura. Ai na zauna garin nan na ga masu sulke suna karo da ka suna kiran abin ƙwallon ƙafa, na ga jirgin ƙasa ya cika da masu zuwa babban filin nan na kusa da titin Concourse don su kalli mutum ɗaya yana jiran a jefo masa abu ya doka da sanda. Ban ce wa kowa komai ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sanduna. Huɗu ne a kowane gefe, biyu dogaye a tsakiya, biyu gajeru a gefe. In ka harba ta bi tsakanin dogayen, maki shida, wani mutum ya nuna yatsu biyu ya kaɗa tuta biyu. In ka ɓarar ta bi gefe, tsakanin doguwa da gajeruwa, sai mutumin ya kaɗa tuta ɗaya a ba ka maki ɗaya. Na sa aka maimaita mini. Wato ka yi kuskure a gaban jama'a, a biya ka. Na dubi Uwata, tana zaune kan cinyar ubanta da gyalen a wuya, ana kaɗa tutar nan ɗaya tana tafi.

Da wani ne can a shago, da na wanke shi tas. Amma suruki ne. A inda na taso mutum ba ya zama ya yi ta cacar baki da mijin 'yarsa, ko ido ba a cika haɗawa ba. Shi kuwa bai san da wannan ba. A garinsu, in ji 'yata, babbar girmamawa ita ce ka zagi ƙungiyar mutum a gabansa, shi ma ya zagi taka, ku ci nama tare. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Baba, faɗi gaskiya, wasanku ana awa biyu ba a ci ko ɗaya ba.” Amsoshi goma su taso mini har maƙogwaro, in haɗiye su, in ce, “Haka ne, haka ne.” In koma gida in yi ta ba bango amsa har in gaji.

Tunda ba dama in yi a fili, sai na koma ƙarƙashin ƙasa. Wasanninsu ana yin su ne lokacin da mu nan muke barci, don haka surukina sai da safe yake kallon maimaici. Yana kashe waya, ba ya duba komai, ya zauna yana addu'a a kan wasan da aka riga aka gama, 'yan wasan ma sun yi wanka sun kwanta. Wannan wauta ta ba ni sha'awa. Na sa mai aski ya duba mini sakamako a wayarsa, na je Parkchester da fuskar tausayi, ana buɗe ƙofa na ce masa sannu da haƙuri, Allah ya ba da sa'a a gaba. Ya tsaya da rimot a hannu kamar an zare masa laka. Na yi haka sau biyu. A na uku 'yata ta tare ni a bakin lif ta ce in na sake, ita da kanta za ta riƙa kira na tana faɗa mini sakamakon nawa wasan duk ranar da na je asibiti ban kalla ba. Gwandar kuma na taɓa tura ta bayan injin wanki. Uwata ce ta gano ta, ta zo ta tsaya gabana ta riƙe ƙugu, ta tambaye ni da Turanci ko ƙwallo tana da ƙafa. Na ce irin wannan ai ba a san inda take nufa ba, kowa ya ga yadda take tsalle. Na ba ta alawa. Ta karɓi alawar, ta tafi da gwandarta.

A shago kuwa na zama abin nishaɗi. Akwai wani ɗan Kumasi mai tuƙin tasi, wanda bai taɓa cin gardama a kaina ba, yanzu ya samu ƙofa. In na shigo sai ya ce a matsa wa surukin Ostareliya, a kawo masa singileti. Mai aski ya ce shi a ganinsa wasan ba laifi, da a ce haka ake yi a tamaula da ƙungiyata ta ɗauki kofi bana, tunda babu wanda ya kai mu harba ƙwallo gefe.

“Alƙali, ka ba su yarinyar nan kawai,” in ji ɗan Kumasi. “Kai me ka tsinta a taka ƙungiyar ban da hawan jini?”

“Hawan jinin nawa ne. Shi zan bar mata.”

“To ka yi sauri, don na ga gyale ya riga ka.”

Da bazara ta shigo sai abin ya zo har kan Asabar ɗina. Ashe 'yan Ostareliyan garin nan suna da ƙungiya, suna haɗuwa a wani filin shaƙatawa, har da Amurkawan da suka ja, maza da mata. Suka buɗe na yara da safe, daidai lokacin da ake buga wasan Ingila. Aka ce za a raba, Asabar ɗaya tawa, ɗaya tasu. Na yarda don ba a tambaye ni ba. Ranar da Uwata take wajena sai na lura tana kallon talabijin da rabin ido, tana naushin kwalbar ruwa da hannu. Wani ya ɓarar da fenariti, duk shago aka juyo ana jiran ta, sai ta ce da Turanci ai ya kusa. Ɗan Kumasi ya yi dariya har da tari.

Ita da kanta ta gayyace ni. Ta kira ni a wayar uwarta, ta haɗa Hausarta kaf ta ce, “Kaka, zo ka gani ni.” Na ce zan zo. A raina na ce zan je in ga abin da idona, in samo abin da zan riƙa yi mata dariya da shi har ta dawo hanya.

Filin ma ba nasu ba ne, na ƙwallon gaskiya ne, ga ragar nan an ture ta gefe tana kallon su. Suka kafa bututun roba huɗu a kowane gefe, suka zagaye fili da 'yan mazubai masu launi. Mutanen kirki ne, abin haushi. Ana gasa nama a gefe, wata mata ta miƙo mini kujera, kowa na ce mini kakan wance. Sai surukina ya zo da fara'arsa, riƙe da tutoci biyu farare. Wai ba su da mai tsayawa a bayan sanduna, kuma ya gaya wa kowa cewa surukinsa alƙali ne. Ya ɗauka girmama ni yake yi. Ya sake nuna mini: tsakiya tuta biyu, gefe tuta ɗaya. Ba a ce wa suruki a'a a gaban mutane. Na karɓa.

Yara suka yi ta gudu kamar an watsa wa kaji tsaba. Wani ɗan ƙato ya harba ta tsakiya, na kaɗa biyu, aka yi mini tafi, har na ɗan ji daɗi, Allah ya yafe mini. Can sai ƙwallo ta taso sama, Uwata ta buɗe hannu ta rungume ta a ƙirji. Aka busa usur, aka ja da baya aka ba ta fili ta harba, haka dokarsu take ga wanda ya cafe. Ta tsaya tana kallon sanduna, ni ina tsakiyarsu. Ta ciji leɓe ta saki ƙafa. Gwandar ta tashi kamar za ta bi tsakiya, ta canza shawara a hanya, ta faɗi, ta yi tsalle irin nata, ta wuce tsakanin doguwa da gajeruwa.

Iyaye suka fara tafi. Kowa ya juyo gare ni.

Ga abin da ya zo mini a rai, kuma ina so a fahimce ni. Na ɗauka wannan tamu ce, ni da ita. Shekara nawa muna zaune muna yi wa masu ɓararwa tsaki tare? Na ɗauka in na yi mata abinmu za ta tuna, ta yi dariya, ta gane cewa mu biyu mun fi ƙarfin wannan sadakar. Sai na soke tutocin a hammata, na tsuke baki yadda na koya mata, na ɗaga murya na ce, “A banza.”

Babu wanda ya ji Hausa a filin nan sai mutum biyu, ita da uwarta. Turawan suka ɗauka na manta doka, suna ta nuna mini yatsa ɗaya suna murmushi. Uwata ba ta yi dariya ba. Ba ta yi kuka ba kuma, da ta yi da na san abin yi. Ta tsaya tana kallona, hannuwanta a sake, tana jira ko zan ɗaga. Ni kuma da na ga ta ƙi dariya sai taurin kai ya hau ni, na ƙara matse hammata. Ubanta ya tako a hankali, ya ce, “Ɗaya ne, Baba,” ya zare tuta guda daga jikina ya kaɗa mata. Kafin ya gama kaɗawa ta riga ta juya ta koma tsakiyar fili.

Daga baya na gano ko rubuta makin yara ba a yi. Babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Abin da na hana ta bai kai ƙwayar gero ba, kuma ba daga aljihuna zai fita ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya tawa ce. Na sayi alawa, na goge jar rigar, na jira. Uwarta ta kira ta ce yarinya ta ce tana son zuwa fili. Tawa ta gaba ma haka. Ban gaya wa 'yan shago abin da ya faru ba, amma kujerar da ba kowa ta gaya musu. Ɗan Kumasi ya buɗe baki zai fara, mai aski ya ɗora masa tawul mai zafi a fuska. Wannan ya fi mini zagin ciwo. Na kalli wasa ni kaɗai a cikin mutane, ƙungiyata ta ɓarar da uku a gaban raga, ban samu wanda zan yi tsaki da shi ba. In na je Parkchester Uwata tana gaishe ni, tana karɓar alawa ta ce ta gode, da Turanci. Hausar da take ɗan haɗa mini ma ta janye ta. Surukina kuwa har yau yana ba ni haƙuri, wai laifinsa ne da bai yi mini bayanin tutoci da kyau ba. Ga mutum yana neman gafarata a kan abin da na yi da gangan, ga shi ba dama in gaya masa.

Kuma ni har yanzu ban ga inda na yi ƙarya ba. Haka na gaya wa 'yata wata Lahadi bayan coci, da ta kawo mini miyar kuka ta mako. Na zaunar da ita na jero mata. Na ce garin nan da muke ciki wa ya taɓa ba wani maki don ya kusa? Ka kusa cin jarrabawar tuƙi, a ba ka lasisi? Ka kusa samun takardun zama? Jirgi ya rufe ƙofa kana taku ɗaya, ya buɗe don ya ga ƙoƙarinka? Na ce yarinya baƙa ce a ƙasar mutane, gara ta sani tun yanzu cewa ko dai ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba, kuma in ba ta ji daga bakin kakanta ba za ta ji daga bakin wanda ba ya ƙaunarta. Na yi magana mai kyau ranar, ni kaina na ji. Da a shago ne da an yi shiru an ba ni gaskiya.

Ita dai tana jera robobin miya a firji, ba ta katse ni ba. Da na gama ta rufe firjin, ta wanke hannu, ta ɗauki jakarta. Na ɗauka ta tafi ke nan na ci. Sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba fushi a muryarta, kamar mai tuna mini lokacin shan magani, ta ce:

“Baba, ni ma na sha kusa ci a gidanka. Ban taɓa ganin ka ɗaga mini ko guda ɗaya ba.”